Me Ya Haɗa Gwale da Sirrin Jiragen Ruwa?

Mutumin Gwale zai iya tsufa bai taɓa ganin teku ba, amma a Yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, tekun ta biyo shi har tukunyar miya. Gishirin Turawa ta ruwa yake zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi Kano. Da ya yi ƙaranci, babu mai iya gaya wa uwargida ranar da wani zai iso, domin gwamnatin Ingila ta hana a faɗi sunan jirgin ruwa, ko ranar tashinsa, ko abin da ya ɗauko.

Hanin yana da dalili. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun yi kwanton ɓauna a gaɓar Saliyo, har ɗaya daga cikinsu, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita guda cikin 1941. Ga shi kuma Nijar, nan bayan Katsina da Daura, tana hannun Faransawan Vichy masu ɗasawa da Jamus har ƙarshen 1942. Fatake kuwa ba su daina ƙetare iyaka ba. Maganar da aka saki a kasuwar Kurmi tana iya kwana a Damagaram. Baki shi ke yanka wuya, in ji Hausawa, amma a nan wuyan wasu yake yankawa: matuƙa, da masu rakiyar gyaɗar da aka loda daga Kano, da samarinmu sojoji da aka kwasa zuwa Indiya da Bama a 1943 da 1944.

Sai dai shirun nan yana da nauyi, kuma talaka ne ya fi ɗaukarsa. A ƙaddara tsohuwa ce a wani lungu kusa da Ƙofar Gadon Ƙaya, wasiƙar ɗanta ta iso bayan watanni. Ta aika a kira mai karanta boko, ya buɗe, sai ga sunan gari an shafe da baƙin tawada. Ta san yana da rai ran da ya rubuta, shi ke nan.

A ganina, hukuma kan wuce gona da iri. Da aka nutsar da jirgin Lancastria a gaɓar Faransa ran 17 ga Yuni 1940, dubban mutane suka hallaka, Firaministan Ingila Churchill ya hana jaridu bugawa. Jamusawa sun riga sun sani, su suka jefa bam ɗin. Iyalan mamatan aka ɓoye wa, sai bayan makonni biyar labarin ya ɓullo ta jaridun Amurka.