Wai Ita "Siyasa Ce"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali kuwa na so in kame bakina, shi ne wata kalma da na gaji da jinta wurin 'yan'uwanmu mazauna kurmi, tun daga Diobu ta Fatakwal, zuwa bakin gadar Anaca, har Gariki na Inugu, wadda ake jefawa a duk lokacin da aka ci dunduniyar wani a wurin sana'a, a ce wai "ai siyasa ce." Kwanan baya aka sallami wani yaro mai riƙe wa maigidansa littafin bashin mahauta, bayan shekara bakwai ba a taɓa kama shi da ha'incin ko sisi ba, saboda abokin aikinsa ya yi ta kai sukarsa bayan sallar lisha, da na yi magana, sai wani dattijo, mai furfura da carbi, ya ce mini, "Malam, yaron ne bai iya siyasar wurin aiki ba."

Abin da suke nufi sananne ne: zagon ƙasa, da neman fada, da ture wani don a hau kujerarsa. Amma ina aka samo cewa wannan sunansa siyasa? Asalin lafazin a Larabci kiwon dabba ne da horar da ita cikin lalama, daga nan malamai suka ɗauke shi zuwa ga tafiyar da al'amuran jama'a bisa maslaha, har Shehu Abdullahi na Gwandu ya wallafa Liya'us Siyasat, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa Usulus Siyasa, ba kuwa don su koya wa kowa yankan baya ba. Ko a Hausar iyayenmu, in an ce ka bi mutum da siyasa, lallashi ake nufi. Wanda yake son ganin siyasa a ƙasar nan, to, ya dubi Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, wanda ya shiga jam'iyyar NCNC, ya zauna da mutanen da ba harshensu ɗaya ba har suka amince masa, ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956. Abin da ake yi a zangunanmu kuwa shari'a ta riga ta raɗa masa suna, giba da annamimanci, Suratul Hujurati kuma ta kamanta na farkon da cin naman ɗan'uwa matacce. Sake wa mushe suna ba ya mai da shi yankakke.

Masu kare abin sukan ce zaman baƙunci ne ya tilasta, wai in ba ka ture ba za a ture ka. Wannan hujja ita ta fi ba ni haushi, domin kuwa sana'ar Bahaushe a kudu, tun zamanin da ake loda shanu a jirgin ƙasa, ba ta da jarin da ya wuce amana: falke ya sauka gidan mai masauki, dillali ya sayar wa mahauci bashi, ba alƙali, ba takardar banki, sai sanin da aka yi wa juna. To, wanda ya ɓata sunan amintacce ɗaya a cikin wannan sarƙa, ashe ba igiyar gugan da shi ma yake sha da ita ya tsinke ba? Gobe falke ya ji ana ƙus-ƙus, ya karkata da kayansa wani gida, kowa ya kwana da asara. Akwai dai ƙarancin samu da son kai na dangantaka a cikin sabubban, ban musa ba.

Kai maigida, in an kawo maka ƙarar yaronka, kada ka yanke hukunci da dare. Ka bari gari ya waye, ka zaunar da mai ƙara da wanda ake ƙara a tabarma ɗaya, ka ce a maimaita, za ka ga rabin maganar ta narke kafin a kai ƙarshenta. A yanke la'ada kafin ciniki, a gaban shaidu biyu, a rubuta, ko da ajami ne. Kowane yaro a faɗa masa iyakar aikinsa, don yawancin husuma daga kujerar da ba a san mai ita ba take tasowa. Kai kuma da aka kawo wa gulma, tambaya ɗaya ta ishe ka: "Za ka faɗa a gabansa?" In abin ya gagara a gida, a kai wa liman ko Sarkin Hausawa, a daina kai wa majalisar mai shayi, balle a sa a wayar salula a watsa.

Yaron nan da aka sallama kuwa, na ji yana tura baro a kasuwar Ogbete, littafin bashin kuma yana hannun wanda ya kai sukarsa, wanda har yau bai iya haɗa lissafin mako guda ba.