Nakiyar Masu Fasa Dutse Da Makomar Zanen Birnin Kudu

A gefen garin Birnin Kudu da ke Jihar Jigawa akwai wasu duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda mutanen dā suka zana hotunan shanu a jikinsu. Daga cikin shanun akwai masu dogayen ƙahoni marasa tozo, wato ba irin waɗanda makiyayanmu ke kiwo a yau ba. A shekarun 1950 ne labarin zanen ya kai ga masana, kuma a nan ne Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Akwai irin wannan zane a Geji da Shira a Jihar Bauchi, kuma duka suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

Sai dai irin dutsen da ke ɗauke da wannan tarihi shi ne kuma 'yan kwangila ke nema ruwa a jallo. Kowace hanya da kowace gada da kowane bene na buƙatar tsakuwa, ita kuwa tsakuwa mai yawa ba ta samuwa sai an huda dutse, an cusa nakiya, an tayar. Idan nakiya ta tashi, girgizarta na ratsa dutse da ƙasa ta yi nisa, ɓaraguzai su yi tsalle, ƙura ta turnuƙe. Shi kuwa zanen yana kan ɓawon dutse ne, ɓawon da zafin rana da sanyin hunturu suka daɗe suna sassautawa. Don haka ba sai an fasa dutsen tarihin kansa ba; girgiza daga maƙwabcinsa, yau da gobe, ta isa ta ɓamɓare abin da ya jure ɗaruruwan shekaru.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta cire maƙabartu da wuraren tarihi daga filayen da za a ba da izinin haƙa a kansu. A 2013 kuma hukumar kare muhalli ta NESREA ta fito da ƙa'idojin fasa dutse, waɗanda suka gindaya tazarar kilomita 3 tsakanin wurin fasawa da unguwannin jama'a. Matsalar ita ce rarrabuwar iko: lasisi na hannun gwamnatin tarayya, fili na hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, kula da tarihi kuma na wata hukumar daban. A tsakanin waɗannan ofisoshi ne dutsen tarihi ke zama maraya.

Dubi abin da ya faru a watan Satumban 2018. Da ƙasa ta yi girgiza a Mpape da wasu unguwannin Abuja, nan take hukumomi suka dakatar da fasa dutse a yankin tun kafin a kammala bincike, saboda mazauna sun yi kuka kuma an ji su. Dutsen da ke bayan gari ba shi da bakin kai ƙara.

Kada kuma a ɗauka cewa takardar izini kaɗai kariya ce. A ƙasar Ostareliya, a watan Mayun 2020, kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan Juukan, inda aka samu shaidar zaman ɗan Adam ta kimanin shekara 46,000, kuma da izinin hukuma ya yi hakan. Daga baya shugaban kamfanin ya sauka daga muƙaminsa, amma ihu ne bayan hari.

Ba ana cewa a daina fasa dutse ba ne, domin dubban magidanta, daga direbobin tifa zuwa mata masu fasa tsakuwa da guduma, da shi suke ci da iyalansu. Duwatsu kuwa Arewa ba ta rasa su ba. Abin da ake buƙata shi ne a shata wa kowane wurin tarihi da'irar da nakiya ba za ta tashi a cikinta ba, a sanya ta a taswirar ofishin da ke rajistar lasisin ma'adinai. Kada a ba da sabon lasisi ko a sabunta tsoho a kusa da irin wannan wuri sai da sa hannun hukumar kayan tarihi. A tilasta wa kamfanoni girka na'urar auna girgiza da kuɗinsu, a riƙa bayyana sakamakon ga jama'a. Sannan hakimai da dagatai, waɗanda su ne suka san kowane dutse da sunansa, a ba su hurumin kai rahoto kai tsaye.

Ƙalubale na gaban gwamnatocin Jigawa da Bauchi da 'yan majalisar da ke wakiltar yankunan. Hanya idan ta lalace ana sake ta a kasafin baɗi, amma zanen da ya koma tsakuwa babu ɗan kwangilar da zai dawo da shi. Rigakafi dai ya fi magani.