Yadda Kamfanin Amazon Ya Tashi Daga Ɗan Kasuwa Ya Zama Mai Kasuwa

Daga Wakilinmu

A watan Yuli na shekarar 1995 ne wani Ba'amurke mai suna Jeff Bezos ya soma sayar da littattafai ta hanyar intanet daga birnin Seattle, ya kuwa laƙaba wa kamfanin nasa suna Amazon. Ga shi yau babu wani kantin intanet a Amurka da ya kama ƙafarsa. To, da waɗanne dabaru ya sha gaban manyan kantunan da suka riga shi kafuwa?

Dabara ta farko ita ce haƙuri da riba. Kamfanin ya yi shekara da shekaru yana faɗuwa, sai a 2003 ne ya fara rufe shekara da riba, domin kuɗin da suka shigo akan zuba su ne wajen gina manyan ɗakunan ajiya da sassauta farashi. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta biyu kuwa ita ce neman amincewar mai saye, wanda ba ya ganin kaya balle ya taɓa su. Saboda haka tun da farko aka ba kowa damar rubuta ra'ayinsa a kan abin da ya saya, yabo ne ko suka, don na baya su karanta. Har ila yau kwamfutocin kamfanin suna lura da abin da mutum ya saya jiya, su nuna masa makamancinsa yau.

Ta uku ita ce tsarin nan da ake kira Prime, wanda aka ƙaddamar a 2005. A lokacin, wanda ya biya dala 79 a shekara za a riƙa kai masa kayansa har gida cikin kwana biyu ba tare da ya sake biyan kuɗin dako ba. Wanda ya riga ya biya kuwa da wuya ya leƙa wani kanti, don kada kuɗinsa su tafi a banza. A 2021 kamfanin ya bayyana cewa masu biyan wannan kuɗi sun haura miliyan 200 a duniya.

Amma babbar dabarar ita ce wadda aka yi a 2000, sa'ad da Amazon ya buɗe wa sauran 'yan kasuwa ƙofa su baje hajarsu a shafinsa. A 2006 kuma ya fara ajiye musu kaya da kai wa masu saye. A 'yan shekarun nan kimanin kashi 60 daga cikin 100 na kayan da ake sayarwa a shafin nasu ne. Watau dai ɗan kasuwa ya koma mai kasuwa: yana karɓar la'ada, da kuɗin ajiya, da na dako, sa'an nan duk mai son hajarsa ta fito a sahun gaba sai ya biya kuɗin talla. A 2023 kaɗai talla ta kawo masa fiye da dala miliyan 46,000.

A nan ne fa gizo yake saƙar, domin mai kasuwar shi ma yana da rumfa a ciki. A 2022 hukumar Tarayyar Turai ta sa kamfanin ya yi alkawarin daina amfani da asirin cinikin 'yan kasuwar wajen yin gasa da su. A watan Satumba na 2023 kuma hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka, tare da jihohi 17, ta kai shi ƙara bisa zargin yana danne hajar duk wanda ya sayar da araha a wani wuri. Kamfanin dai ya musanta zargin.

Wannan al'amari ya shafe mu, don kuwa Amazon ya buɗe shafinsa a Afirka ta Kudu a 2024, kuma Jumia, wanda aka kafa a Ikko a 2012, shi ma la'ada yake karɓa daga masu baje haja a shafinsa. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwarmu ya lissafa la'ada da dako da talla kafin ya kama rumfa a irin wannan kasuwa, kada kuma ya yarda ta zama ita kaɗai ce hanyarsa ta saduwa da abokan cinikinsa.