Yadda ƙwayoyin bakteriya ke samun masauki a saiwar amfanin gona

Duk manomin da ya tumɓuke wake ko gyaɗa a gonakin tudu na Argungu ko Birnin Kebbi, zai tarar da wasu 'yan ƙullutu manne da saiwar. Idan ya fasa ɗaya ya ga cikinsa ja-ja, to alama ce ƙullutun na aiki.

Wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Rizobiya ne ke zaune a ciki. Suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, ita kuma ta ba su sukari. Wannan sinadari ne manomi ke saye a buhun takin yuriya.

To sai dai ƙasa cike take da ƙwayoyi masu cutarwa, don haka ba kowace saiwa ke buɗe wa ƙofa ba.

Rigar shaida

Masana sun gano cewa saiwar ce ke fara fitar da wani sinadari na gayyata. Ƙwayar ta amsa da nata, wanda masu bincike a Faransa suka gano tsarinsa a 1990. Daga nan sai ta manne da siririn gashin saiwar, shi kuma ya lanƙwashe ya rufe ta, a buɗe mata wata 'yar hanya zuwa ciki.

Amma kafin ta yi nisa, sai shukar ta duba rigarta, wato wani yauƙi na sinadaran sukari da ke lulluɓe da jikin ƙwayar.

A 1985, masana a Amurka suka gwada ƙwayoyin da ba sa iya saƙa wannan riga a kan wata ciyawar dabbobi dangin wake. Ƙullutu ya fito, amma fanko, babu ƙwaya a ciki, babu kuma naitirojin.

A 2015 ne masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark suka gano abin da ke tantance rigar a jikin saiwa. Idan rigar ba ta dace ba, sai shukar ta toshe hanya.

Ina batun shinkafa?

Shinkafa ce ƙashin bayan noma a fadamun kogin Rima, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manomanta rance na Babban Bankin Najeriya a 2015. Ita ba ta yin ƙullutu, shi ya sa tsadar taki, musamman bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine a 2022, ta fi yi wa manomanta ciwo.

Duk da haka, a 1997 an samu Rizobiya a cikin saiwar shinkafa a Masar, a 2000 kuma aka samu danginsu a shinkafar daji a Senegal da Gini. Sukan shiga ne ta tsagar da ƙananan saiwoyi ke ɓullowa. Wani bincike a Jamus a 1998 ya nuna cewa wata ƙwayar na buƙatar wasu siraran zaruruwa na jikinta kafin ta iya kama saiwar shinkafa.

Har yanzu dai ba a kai ga ƙwayar da za ta maye gurbin taki a gonar shinkafa ba.

Inda manomi zai ci moriya a yau shi ne wajen dangin wake. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da garin Nodumax, mai ɗauke da ƙwayoyin da ake shafa wa irin waken soya kafin shuka. Masana na jan hankalin cewa a nemi wanda ya dace da amfanin da za a shuka, a kuma kare shi daga zafin rana, domin ƙwayoyin masu rai ne.