Curin Makamashi Daga Ɓuntun Shinkafa Da Garin Katako: Yadda Ake Gane Mai Inganci

Gabatarwa

Malam manomi, duk wanda ya san unguwar injinan shinkafa ta Lafiya ya san tulin ɓuntun da ake jibgewa a bayansu. Shinkafar da ake nomawa a fadamun Doma, Awe, Keana da Obi, da yawa daga cikinta a nan ake turara ta a casa ta. A cikin kowane buhu biyar na shanshera, nauyin kimanin buhu ɗaya ɓuntu ne. Haka kuma a wuraren yankan katako ana tara garin katako mai yawa. Akasarin wannan dukiya ana cinna mata wuta ne a fili, alhali kuwa masu turara shinkafa da matan gida suna sayen itace da gawayi da tsada.

Ana iya matse ɓuntu, ko garin katako, ko ɓawon gyaɗa, a mayar da su curi mai tauri wanda za a yi girki da shi, ko a ji ɗumi da shi lokacin hunturu. Abin da yake karya wannan sana'a shi ne rashin daidaito: buhun yau ya ci wuta da kyau, na gobe ya cika gida da hayaƙi. Uwargidan da tuwonta ya ƙi nuna sau ɗaya ba za ta sake saye ba. Wannan bayani zai nuna maka abubuwa huɗu da ingancin curi ya rataya a kansu, da yadda za ka gwada kowannensu a gida, ko kai mai yi ne ko mai saye.

Ire-iren curi

Curi iri uku ne.

Na farko shi ne ƙanana masu kama da abincin kifi, waɗanda Turawa ke kira felet. Inji ne yake tura garin katako ta cikin ƙananan ramukan ƙarfe da ƙarfi ƙwarai. Zafin gogayya yana narkar da wani danƙo da Allah ya halitta a jikin itace, shi ne yake haɗe garin ba tare da an zuba komai ba.

Na biyu shi ne manya masu kama da guntun icce, galibi da rami a tsakiya. Su ma injin matsi mai zafi ne yake fitar da su.

Na uku shi ne curin gawayi. Ana fara babbake ɓuntu ko ɓawon gyaɗa a cikin duro har ya yi baƙi, a daka, a kwaɓa da kokon sitacin rogo, a matse a mazubi, a shanya. Wannan shi ne wanda ƙungiyar mata ko ta matasa za ta iya farawa da ƙaramin jari.

Darasi daga ƙasashen sanyi

An fara mayar da hankali ga ƙananan curin katako a Amurka da Turai bayan tashin farashin man fetur na 1973. A can ana ɗumama ɗaki ne da murhu mai ɗebo makamashi da kansa kaɗan-kaɗan. Irin wannan murhu ba ya jure bambanci: in curin ya yi tsawo ya toshe hanya, in ya yi gari ko toka wuta ta mutu da tsakar dare. Saboda haka aka tsara ma'auni. A 2014 hukumar daidaita ingancin kaya ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 17225-2. Ga abin da ta shimfiɗa wa curi mai daraja ta ɗaya:

1. Kauri milimita 6 ko 8, tsawo kada ya wuce milimita 40.
2. Laima kada ta wuce kashi 10 cikin 100.
3. Toka kada ta wuce giram 7 a kowane kilo.
4. Garin da ya marmashe kada ya wuce kashi 1 cikin 100.
5. Nauyi aƙalla kilo 600 a cikin mazubi mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi.

A Turai kuma akwai hatimin ENplus da ake bugawa a jikin buhu tare da lambar kamfanin da ya yi, domin in an sami aibu a san inda za a koma.

Curin ɓuntu ba zai taɓa cika sharaɗin toka na wannan ƙa'ida ba, murhunanmu ma ba su buƙatar haka. Abin koyi a nan shi ne, abubuwan da suke aunawa su ne ya kamata mu ma mu riƙa aunawa.

Abu na farko: laima

Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne, haka ma garin da aka yanko daga gare shi. Kafin curi ya ba tukunya zafi, sai wuta ta fara ƙone ruwan da ke cikinsa. Shi ya sa curi mai laima yake wuyar kamawa, yake fitar da farin hayaƙi mai yaji, ya kuma yi funfuna a buhu. Mai saye a kan sikeli kuwa ruwa ya biya wa kuɗi.

In da inji za a matse, a shanya garin har laimarsa ta sauko kimanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100. In ya jiƙe da yawa, tururi zai tsattsage curin yana fitowa daga inji. In ya bushe ƙayau, ba zai haɗu ba. A lura cewa ɓuntun shinkafar da aka turara, wanda ya kwana a fili raɓa ko ruwan sama ya taɓa shi, sai an sake shanya shi.

Curin gawayi kuwa bayansa yakan bushe ya bar cikinsa da lema. Yadda za ka gane:

1. Ɗauki guda goma ka auna su a sikeli da yamma.
2. Ka sake shanya su yini guda, ka sake aunawa.
3. In nauyin ya ragu, da sauran ruwa. A ci gaba da shanya har nauyin ya tsaya.
4. Ka karya ɗaya ka duba. Launin ciki da na waje su zama ɗaya.

Abu na biyu: toka

Toka ita ce abin da wuta ta kasa ci. Tsabtataccen garin katako tokarsa ba ta cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ɓawon gyaɗa ya ɗan fi haka. Ɓuntun shinkafa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne, domin shinkafa tana zuƙo sinadarin yashi daga ƙasa ta tara a ɓawonta. Wato in ka ƙone kilo ɗaya na ɓuntu, za ka kwashe toka kimanin giram 200. In an babbake shi ya zama gawayi, rabon tokar yakan haura kashi ɗaya cikin uku. Wannan yashi shi ne kuma yake cinye ƙarfen injin matsi da sauri, sai mai inji ya sa kuɗin gyara a lissafinsa.

Toka mai yawa tana lulluɓe garwashi ta hana shi iska. Hanyoyin rage ta su ne:

1. A gauraya ɓuntu da garin katako ko ɓawon gyaɗa, kada a yi shi zalla.
2. A tankaɗe kayan a raba su da yashi da tsakuwa. Garin da aka sharo daga ƙasa ya fi kowanne yashi.
3. A yi shanya a kan tamfol ko daɓen siminti.
4. Kada a cika yumɓu a matsayin abin haɗi. Yana da araha, amma ba ya cin wuta, duk toka yake komawa.

Gwaji: ka ƙone kilo ɗaya na curi ƙurmus, ka auna tokar, ka rubuta. Ka maimaita a kowane sabon kwaɓi. In tokar ta yi tsalle, wani abu ya canja a kayan haɗinka. Tokar kuwa kada a zubar, a kai ta gona ko ramin takin gargajiya.

Abu na uku: matsewa da ƙarfi

Ɓuntu sakakke ba shi da nauyi. Buhun da zai ci kilo 10 na ɓuntu zai iya cin kimanin kilo 60 na curin inji. Amfanin matsi ke nan: sauƙin dako, da wuta mai daɗewa. Curin da bai matsu ba yana ƙonewa da sauri kamar kara, ya kuma farfashe kafin ya isa kasuwa.

Ɓuntu yana da santsi da tauri, ba ya son haɗuwa sai an niƙa shi ko an daka. Gwargwadon laushin gari, gwargwadon ƙarfin curi. Ga curin gawayi, a sa sitacin rogo giram 500 zuwa kilo 1 a kowane kilo 10 na garin gawayi. A dama shi da tafasasshen ruwa kamar koko kafin a zuba, domin ɗanyen sitaci ba ya kamawa. In ya yi kaɗan curi ya marmashe, in ya yi yawa ya ƙara hayaƙi da tsada.

Gwaji: ka saki busasshen curi daga tsayin kafaɗarka a kan siminti. Mai kyau zai tsaya ko ya ɓalle gida biyu. In ya tarwatse, a ƙara matsi ko sitaci. Mai saye kuma ya duba gindin buhu: in gari ya taru, kayan ba su da ƙarfi.

Abu na huɗu: girma da haɗi iri ɗaya

Wuta tana bin iskar da ke ratsa tsakanin curi. In girmansu ya bambanta, ƙanana su cinye su bar manya suna hayaƙi. A yi amfani da mazubi ɗaya, kuma rami a tsakiya yana taimaka wa bushewa da kamawar wuta.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Daidaito yana farawa ne daga awo. A auna kayan haɗi da sikeli, domin mudun ɓuntu da mudun garin katako ba nauyinsu ɗaya ba. A tanadi littafi a riƙa rubuta ranar kwaɓi, inda aka samo kaya, awon kowanne, da kwanakin shanya. A rubuta sunan ƙungiya da ranar a jikin buhu.

Gwajin ƙarshe shi ne na tukunya. Ka ɗora ruwa lita 2 a tukunya ɗaya, murhu ɗaya, da curi rabin kilo. Ka duba minti nawa ya ɗauka kafin ya tafasa, da tsawon lokacin da garwashin ya yi. Kwaɓi biyu masu inganci ɗaya ba za su yi nisa da juna ba.

Abubuwan da ba a sawa

Kada a yi curi da garin katakon da aka yi wa fenti, ko aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, ko na falankin da aka haɗa da gam. Kada a sa leda ko roba don wuta ta yi saurin kamawa. Hayaƙinsu guba ne, yana kuma shiga abinci.

Ajiya

Daminar Lafiya tana da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, iska kuma cike take da laima. Curin inji da ruwa ya taɓa yakan kumbura ya koma gari. Saboda haka:

1. A yi yawancin aikin da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, a tara na damina.
2. A zuba a buhu mai leda a ciki, bayan an tabbatar ya bushe.
3. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.
4. A fara fitar da wanda ya riga shiga.
5. Ɗakin ajiya ya kasance mai shan iska, kuma kada a kwana a cikinsa. Tarin curin katako a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba ko ba a kunna shi ba.

Gargaɗi game da jin ɗumi

Da sanyin Disamba da Janairu wasu kan shigar da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa da taga. Curin gawayi, komai kyansa, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, tana kuma kashe mutum yana barci. Rashin ganin hayaƙi ba shi ne rashin haɗari ba. A kunna wuta a waje, a bar taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, musamman a ɗakin mai jego da yara. Duk wanda ya ji waɗannan alamu a fitar da shi sarari nan take a kai shi asibiti.

Kammalawa

An yi aiki sosai wajen gyara shinkafar Lafiya. Daga 2011 zuwa 2016 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta gudanar da shirin inganta turarawa da casa a jihohin Nasarawa da Neja, cibiyar AfricaRice kuma ta kawo tukunyar turara ta zamani mai suna GEM. Abin da masu shinkafa suka koya shi ne, mai saye yana komawa ne wurin wanda kayansa ba su canjawa. Haka abin yake ga curi. Ka busar da shi sosai, ka rage masa toka, ka matse shi da kyau, ka riƙe awo ɗaya, ka kuma gwada kowane kwaɓi kafin ya bar hannunka.

Domin ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai, ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Nasarawa da ke Lafiya. Allah ya ba da sa'a.