Wa zai ba ganuwa baki?

A Fort Davis, wani tsohon barikin soja a yammacin jihar Texas ta Amurka, akan sa wa masu yi wa baƙi jagora kakin sojan ƙarni na 19, su zaga da su ɗakunan kwana da rumbun kaya suna ba da labarin baƙaƙen sojojin da suka zauna wurin daga 1867 zuwa 1885. Da yawansu 'yantattun bayi ne, aka tura su bakin daga su yaƙi Apache da Comanche, 'yan asalin ƙasar. A barikin ne aka gurfanar da Henry Flipper, baƙar fata na farko da ya gama makarantar hafsoshi ta West Point, aka kore shi daga soja. Sai a 1999 Shugaba Clinton ya yi masa afuwa, shekaru da dama bayan rasuwarsa.

A nan gida, mutumin Miga ta jihar Jigawa ba sai an yi masa fassarar zaman iyaka ba. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, garin yana gefen gabas na ƙasar Kano, yana kallon Haɗeja, wadda a zamanin Sarki Buhari ta bijire wa Sakkwato har ta kori rundunarta a Kaffur. Kayan wancan zamani ma ba su ɓace mana ba. Ranar hawan sallah a Dutse ko Haɗeja za ka ga ɗan lifida ya cushe kansa da dokinsa cikin auduga, kwalkwali a ka, gumi na tsiyaya, ga 'yan sulke da 'yan baka. Yaro ya yi kallo, ya yi tafi, ya koma gida bai san kibiya mai dafi ake karewa da lifidin ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son taɓawa ba. Ranar 25 ga Afrilu 1906 rundunar Kanar Lowry Cole ta afka wa Haɗeja da bindiga mai ruwa, aka kashe Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada. Hafsoshin ne Turawa. Masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu, kuma tushen rundunar yana komawa ga dakarun Hausawan da wani Bature mai suna Glover ya tara a Legas a 1863, galibinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Wannan shi ne Fort Davis ɗinmu, kuma jagoran da ya tsallake shi ya rage wa yara rabin labari.

Irin wannan aikin jagora bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Malamin tarihi ɗaya, da maroƙin fada da ya haddace kirarin sarakuna, da 'yan lifida biyu, sun isa su tsaya da ɗaliban sakandare a gindin abin da ya rage na ganuwar Haɗeja, kafin damina da masu haƙar ƙasar gini su ƙarasa ta.