'Yar Makirfo A Wurin Ɗaurin Aure

Amfanin shaidun aure shi ne su ji siga da kunnuwansu. A da sanƙira ke isar da ita ga taro, yanzu kuwa akan maƙala wa liman da waliyyi 'yar makirfo a riga.

To, amma tana da sharuɗɗa. A maƙala ta a ƙirji, kimanin santimita 20 daga baki, inda rawani ba zai goge ta ba. Da yake yawancinsu suna ɗaukar sauti ta kowace fuska, lasifika a bayan mai magana kan jawo kuwwa. A ajiye ta gaba, tana fuskantar jama'a. A sa sabon batir.

Da an shafa fatiha a kashe ta, don kada raɗar dangi ta shiga kunnen gari.